Ƙofa Biyu: Tarihin Katin Sauti, daga Singafo zuwa Ƙauran Namoda

Duk wanda ya saurari waƙar Ibrahim Narambaɗa a waya a yau, ko a tashar motar Shinkafi yake ko a wani ofishi a Abuja, abu biyu yake ji tare. Akwai muryar makaɗin, akwai kuma wani shuu da ke biye da ita kamar yayyafi a kan kwanon rufi. Wani lokaci kotson yakan dushe har ya koma kamar ana buga ƙwarya a bayan katanga, wani lokaci kuma 'yan amshi su cakuɗe su zama murya ɗaya mai kauri. Mafi yawan masu sauraro sun ɗauka haka tsohuwar waƙa take, sun yafe mata. Alhali kowane aibi daga cikin waɗannan yana da ranar da ya shiga waƙar, yana kuma da hannun da ya shigar da shi.

Narambaɗa, mutumin Tubali kuma makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya rasu a farkon shekarun 1960, kafin kaset ya iso ƙasar Hausa. Kamfanin Philips bai fito da kaset ba sai a 1963. Saboda haka abin da ya rage na muryarsa ya biyo doguwar hanya: daga tef mai zare irin na gidajen rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset sau ba adadi a rumfunan masu kwafi, sannan zuwa kwamfuta, zuwa faifan CD, zuwa memori, zuwa WhatsApp. A tsakiyar wannan tafiya akwai mashiga guda wadda ba a cika ambatonta ba, wato wurin da sauti ya daina zama zane a jikin tef ya koma lambobi. Wannan mashigar wani ɗan allo ne mai tsawon tafin hannu da ake sokawa a cikin kwamfuta, ana ce masa katin sauti. Shi ya tsallakar da tsofaffin makaɗan arewacin Zamfara zuwa zamanin waya, shi ne kuma, ta wata fuskar, ya rufe wa magadansu ƙofa.

Kwamfutar da ba ta da murya

Kwamfutar da IBM ya fitar a 1981, wadda ta zama uwar kwamfutocin ofis na duniya, ba a yi ta don kiɗa ba. 'Yar lasifikar da ke cikinta ƙara kawai ta iya, ta sanar da cewa an kunna ko an yi kuskure. Sai a 1987 wani kamfani a Kanada mai suna AdLib ya fito da katin da ke ƙago sautin kayan kiɗa ta hanyar wani ƙwayar lantarki na Yamaha. Katin AdLib yana iya yin kiɗa, amma ba shi da kunne. Ba ya ɗaukar murya. A 1989 kamfanin Creative na ƙasar Singafo, wanda Sim Wong Hoo ya kafa a 1981, ya fito da Sound Blaster. Ya saka wannan ƙwayar ta Yamaha ɗin dai, ya ƙara mata hanyar ɗaukar sauti daga makirfo da wurin soka sandar wasan gem. Cikin shekara uku AdLib ya karye, sunan Sound Blaster kuwa ya zama kamar sunan abin gaba ɗaya, yadda Omo ya zama sunan garin sabulu.

Aikin katin a wajen ɗauka bai da wuyar fahimta. Murya girgizar iska ce, makirfo yana mayar da ita girgizar wutar lantarki, katin kuma yana auna ƙarfin wannan wutar sau dubbai a kowace daƙiƙa, yana rubuta kowane awo a matsayin lamba. Abu biyu ne ke yanke hukuncin kyan aikin: sau nawa aka auna, da kuma yawan matakan da ke kan ma'aunin. Sound Blaster na farko matakai 256 gare shi, wato abin da ake kira bit 8, don haka muryar da ya ɗauka takan fito da yashi-yashi. Sound Blaster 16 na 1992 ya kai matakai 65,536, yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, daidai da ma'aunin faifan CD. Daga wannan shekarar, a bisa takarda dai, duk mai kwamfuta ya mallaki abin da a da sai gidan rediyo ko kamfanin faifai.

A aikace kuwa da sauran rina a kaba. Waɗannan katunan don masu wasan gem aka yi su, kuma cikin kwamfuta wuri ne mai hayaniyar lantarki. Fanka na juyawa, faifan ajiya na gurnani, kuma duk wannan yana tsiyaya cikin layin makirfo. Ga kuma jinkiri: mawaƙi ya furta kalma, ba zai ji ta a kunnensa ba sai bayan ɗan lokaci, abin da ke rikita duk mai bin kiɗa. Kamfanin Steinberg na Jamus ya magance wannan a ƙarshen shekarun 1990 da wata hanya mai suna ASIO, wadda ke barin manhajar kiɗa ta yi magana da katin kai tsaye ba tare da ta bi ta layin Windows ba. Daga nan kasuwa ta rabu gida biyu. Akwai katunan gama-gari irin su Sound Blaster Live! na 1998 da Audigy na 2001, akwai kuma waɗanda aka yi musamman don ɗaukar waƙa, irin su Audiophile 2496 da Delta 1010 na kamfanin M-Audio.

Ta Kano ya shigo

A arewacin Nijeriya, fim ne ya share wa katin fage, kuma fiyano ya riga shi isowa. Finafinan Hausa na bidiyo sun fara da Turmin Danya a 1990, kuma tun daga tsakiyar wannan ƙarnin shekaru waƙa ta zama ita ke sayar da kaset. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya bi diddigin wannan zamani, ya nuna yadda situdiyon Iyan-Tama a Kano ya fara da fiyanon Yamaha PSR-220 a 1996, sannan ya koma PSR-730, wadda da ita aka yi kiɗan Sangaya a 1999. Sirrin wannan fiyanon shi ne daga cikin ɗaruruwan muryoyin da injiniyoyin Japan suka zuba mata, akwai waɗanda kunnen Bahaushe ya ji sun yi kama da sarewa da kalangu da bandiri. Mutum ɗaya, da yatsu goma, ya zama ƙungiyar makaɗa.

Kwamfuta ta shigo situdiyoyin Kano a farkon shekarun 2000, da manhajoji irin su Cakewalk da Cool Edit, daga baya FruityLoops na Beljiyam, wanda aka sauya wa suna zuwa FL Studio a 2003, da kuma Auto-Tune, manhajar gyaran murya da aka fitar a Amurka a 1997. Kusan duk kwamfutocin nan na gwanjo ne. Ƙungiyar Basel Action Network, a rahoton da ta fitar a 2005, ta ƙiyasta cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka a Legas kowane wata, kuma 'yan kasuwar da ta zanta da su sun ce wani lokaci kashi uku cikin huɗu na kayan shara ne. Daga tashar jirgin ruwa kayan kan wuce kasuwar Alaba da Computer Village ta Ikeja, a tsince masu rai, sannan su hau mota zuwa Kano da Kaduna. Injin da wani banki a Landan ko wata makaranta a Jamus ta yar, shi ne ya zama zuciyar situdiyo a titin gidan Zoo.

A nan ne tarihin katin a ƙasar Hausa ya bambanta da tarihinsa a inda aka ƙera shi. A can, tun daga 1997 da Intel ya fito da tsarin AC'97, an fara liƙa sauti a jikin babban allon kwamfuta, don haka katin daban ya fara zama kayan da ba dole ba. Da Windows Vista ta fito a 2007 ta sauya yadda ake sarrafa sauti, sai ɗimbin katuna suka rasa rabin amfaninsu dare ɗaya. Wannan faɗuwar daraja ita ce ta sa suka yi arha har suka iso hannun matashin da ke da ɗaki ɗaya da janareta a Gusau ko Sakkwato. Shekarun da katin ya yi yana mutuwa a Turai su ne shekarun ƙuruciyarsa a nan, kuma Windows XP, wadda Microsoft ya daina kula da ita a 2014, ta ci gaba da mulki a situdiyoyi da dama bayan haka saboda ita ce ke jituwa da tsofaffin katunan.

Sautin da wannan haɗin gambiza ya haifar bai tsaya a Kano ba. Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu daga Nijar wanda yanzu ke cika dandali a Amurka da Turai, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da muryar da Auto-Tune ya lanƙwasa irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin sun yaɗu daga waya zuwa waya har Mali da Muritaniya kafin wani kamfani ya buga su.

Ƙarshen layin dogo

Ƙauran Namoda ta daɗe da sanin matsayin ƙarshen layi. Jirgin ƙasa ya iso ta a 1929, ta Zariya da Funtuwa da Gusau, don kwasar gyaɗa da auduga, kuma a nan dogon ya tsaya. Abin da ya wuce nan zuwa Shinkafi ko Zurmi, sai a bayan raƙumi da jaki, daga baya a mota. Kayan zamani sun saba zuwa wannan yanki a makare, bayan sun sha hannu. Amma ta fuskar waƙa, yankin bai taɓa zama ƙarshen layi ba; mafari ne. Ƙasar da ta fitar da Narambaɗa ita ta fitar da Kassu Zurmi, makaɗin 'yan tauri da mafarauta, ita ce kuma mahaifar Shago, ɗan damben da Ɗan Anace ya ɗaukaka sunansa. Kaɗan daga yamma ga Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru a ƙasar Maradun. Wanda ya buɗe littafin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, Makaɗa da Mawaƙan Hausa, zai ga irin kason da tsohuwar Zamfara da Gobir suka ɗauka a cikinsa.

Irin wannan kiɗa aikin taro ne. Ga uban kiɗi, ga masu kotso ko taushi ko kalangu, ga 'yan amshi waɗanda ba maimaitawa kawai suke yi ba, suna karɓe zance daga bakin ubangidansu su ƙarasa masa, wani lokaci su yi masa ƙari, ga kuma sanƙira yana kirari yana ratsa waƙar. Babu wanda ke bin awon agogo a cikinsu. Numfashin jagoran suke bi, shi kuma yana bin fuskar wanda yake wasawa. In sarki ya yi murmushi, ɗan waƙa ya tsawaita. In aka miƙo kyauta, a sako sunan mai kyautar nan take.

To, a ɗora wannan a kan katin sauti na gama-gari. Ƙofar shiga biyu gare shi, hagu da dama, ba ƙari. Audiophile 2496 ma, duk da tsabtar sautinsa, ƙofa biyu ce kawai. Mai irin wannan kati hanya biyu ke gabansa in ƙungiyar mutum goma ta zo. Ko dai ya tara su gaban makirfo ɗaya ko biyu ya ɗauke su gaba ɗaya, wanda ke buƙatar ɗaki mai faɗi da ba ya amsa-kuwwa, kuma in kotso ya danne murya babu gyara. Ko kuwa ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin sauraro a kunne yana bin ƙwanƙwasar na'ura, wanda ke kashe ainihin abin da ya sa kiɗan ya zama kiɗa. Katin da ke da ƙofa takwas, irin Delta 1010, yana nan a kasuwa, amma kuɗinsa ya ninka na ƙaramin sau da yawa, kuma kowace ƙofa tana neman nata makirfon da nata wayar.

Mawaƙin fiyano kuwa kamar don shi aka ƙera katin. Kiɗansa na shiga ta waya kai tsaye, ko ma a haɗa shi a cikin manhaja ba tare da ya taɓa iska ba. Muryarsa ɗaya ce, sai ta mace mai amshi da za a ɗauka daga baya. Ɗakin da ya kai faɗin bayi, an manna masa katifa ko kwalin ƙwai a bango, ya wadatar. Kuskure ana yanke shi, karkatar murya Auto-Tune na miƙe ta, kuma waƙar da aka fara da hantsi tana iya shiga kasuwa kafin magariba. Ga ɗan siyasar da ke neman waƙar kamfe bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, lissafin a fili yake: ciyar da mutum goma da motarsu, ko sallamar yaro ɗaya da mai situdiyo.

Zalunci ne a ɗora wa ɗan allo laifin dusashewar kiɗan fada. Sarakuna sun rasa kotu da 'yan doka da baitulmali tun gyare-gyaren ƙarshen shekarun 1960 da na ƙananan hukumomi a 1976, kuma hannun da ba shi da abin bayarwa ba ya riƙe makaɗi. An ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996, aka ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoban 1999, kuma yanayin da ya biyo baya bai yi wa kiɗan taro da na dandali sauƙi ba. 'Ya'yan makaɗa da yawa sun shiga makaranta sun zaɓi wata sana'a. Duk waɗannan sun fi katin nauyi. Sai dai a daidai lokacin da ɗaukar sauti ya zama abin da talaka zai iya, na'urar da ta iso hannunsa ta zo da siffar da ta dace da wani irin kiɗa, ta ƙi wani. Injiniyoyin Singafo ba su taɓa jin sunan Tubali ba, amma shawarar da suka yanke kan yawan ramukan da za su huda a bayan kati ta shiga cikin abin da matashin Moriki ke ɗauka a matsayin waƙa.

Ciniki

Sayen kati na gwanjo sana'a ce mai ilminta, kuma waɗanda suka iya ta da asara suka koya. Abu na farko shi ne baki. Tsofaffin katunan farkon shekarun 1990 ramin ISA suke shiga, dogo baƙi. Waɗanda suka biyo baya ramin PCI, gajere fari. Kwamfutocin baya-bayan nan kuma PCI Express ne da su, wanda ba ya karɓar ko ɗaya daga cikin biyun. Mutum na iya sayen lafiyayyen kati a Kano, ya iso gida ya tarar ba shi da inda zai soka shi.

Na biyu shi ne abin da ya ɓace a hanya. Katunan ɗaukar waƙa da yawa suna zuwa da wata waya ta musamman ko akwatin waje inda ake soka makirfo, kuma masu zuba kaya a kwantena ba ruwansu da haɗa kati da wayarsa. Delta 1010 ba tare da akwatinsa ba allo ne kawai. Haka nan manhajar da ke gabatar da katin ga kwamfuta, wadda masu gyara ke kira direba. Kafin intanet ta wadata, faifan CD mai ɗauke da tarin direbobi dukiya ne, kuma mai gyaran da ke da shi ana zuwa masa daga nesa. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna ASIO4ALL, wadda wani Bajamushe ya rubuta, ta ceci situdiyoyi ba adadi, domin tana rage jinkirin kusan kowane kati, har da wanda aka liƙa a jikin allo.

Na uku shi ne lafiyar jiki. Mai ido yakan duba 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan katin, ya ga ko kansu ya kumbura ko ya yi tsatsa. Kayan lantarkin da aka ƙera daga wajen 1999 zuwa tsakiyar shekarun 2000 sun yi ƙaurin suna da wannan cutar, kuma su ne dai kayan da suka cika kasuwannin Nijeriya. Sai kuma abin da ƙasar kanta ke yi wa katin bayan an saya: ƙurar hunturu da ke toshe ramuka, zafin bazara, da wutar NEPA da kan dawo da ƙarfin da ya wuce kima. Ga janareta, wanda ƙugin sa ke shiga ta makirfo, gurnanin wutarsa kuma ke shiga ta waya, musamman a ginin da ba a binne masa ƙarfen da ke sauke wuta ƙasa ba. Duk wanda ya saurari waƙoƙin wancan zamani da abin sauraro mai kyau zai ji wannan gurnanin kwance a ƙarƙashin wasunsu.

Akwai ma wani aibi da ba a gani. Sound Blaster Live! a cikinsa yana aiki ne da awo 48,000 a daƙiƙa. Duk abin da aka ɗauka a 44,100, sai ya juya shi, kuma juyin ba mai tsabta ba ne. Masu situdiyon da suka gano haka sukan ɗauka a 48,000 su bar manhaja ta yi juyin daga baya.

A yau cinikin ya juya baya. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta kore ta tebur, kuma akwatin sauti mai shiga ta USB, irin Focusrite Scarlett da Behringer, ya maye gurbin katin ciki, ko da yake har yanzu a situdiyo sunan kati ake kiransa da shi. Tsofaffin katunan sun koma hannun 'yan jari-bola, waɗanda ke sayen allunan lantarki a kilo saboda ɗan ruwan zinaren da ke bakinsu. A Turai da Amurka kuwa masu sha'awar tsofaffin wasannin gem suna farautar AdLib na asali da Gravis Ultrasound a eBay da ɗaruruwan daloli, har wasu na ƙera kwaikwayonsu sabbi. Ba mamaki a ce wani abin da ake nema ruwa a jallo a can ya riga ya narke a wata bola a nan.

Aiki na biyu

Ƙofa biyun da suka yi wa ƙungiyar makaɗa kaɗan, sun yi wa kaset daidai, domin kaset ma hagu da dama gare shi. Wannan ne aikin da katin ya yi wa arewacin Zamfara wanda ya fi kowane muhimmanci, kuma ba wata hukuma ce ta tsara shi ba. Masu rumfunan kaset ne, da masu tura waƙoƙi a waya bayan zuwan GSM a 2001, da ɗalibai masu rubuta kundin digiri a kan makaɗa, da masu tara tafsirin malamai. Mutum ya jawo waya daga rikoda ya soka a bayan kwamfuta, ya danna, ya jira minti arba'in da biyar, ya juya kaset.

A cikin wannan sauƙin ne aka yi ɓarnar da ake ji a yau. Katin yana da rami biyu masu kama da juna, ɗaya na makirfo, ɗaya na layi. Na makirfo yana ƙara wa sauti ƙarfi sosai, kuma sau da yawa tilo ne ba hagu da dama ba. Wanda ya soka rikoda a cikinsa zai sami waƙar da ta fashe a duk inda makaɗi ya ɗaga murya, kuma abin da ya fashe a wannan matakin ba ya ɗinkuwa. Rikodar da batirinta ya yi sanyi ko robarta ta saki tana jan tef a hankali, sai murya ta yi ƙasa ta yi nauyi, har a saba da ita a ɗauka haka mutumin yake magana. Wasu kuma, da kyakkyawar niyya, sukan bi waƙar da abin share shuu na Cool Edit, su matsa masa hannu har ya share shuu ɗin tare da kaifin kotso, ya bar wani sauti kamar na ƙarƙashin ruwa.

Sannan ga matsalar wuri. Minti ɗaya na sauti a ma'aunin CD yana cin kusan megabait 10, wato kaset ɗaya mai minti 90 ya kusa cin megabait 900, a zamanin da faifan ajiyar kwamfutar gwanjo bai wuce gigabait 20 ko 40 ba, memorin waya kuma bai kai ko ɗaya ba. Dole aka matse. MP3 na gama-gari yana mayar da minti ɗaya kusan megabait ɗaya, kuma masu tura waƙa sukan ƙara matsewa zuwa rabin haka ko ƙasa, don waƙa ɗari ta shiga inda hamsin za su zauna. Babban kwafin kuwa a goge shi don a sami wurin na gaba. Abin da MP3 ke zubarwa ba ya dawowa, kuma kowane sabon juyi, daga memori zuwa bidiyon YouTube, daga nan zuwa saƙon WhatsApp, yana ƙara zubar da wani abu.

Duk da haka, ba don waɗannan mutanen ba, da yawancin waƙoƙin ba su tsallako ba sam. A Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara aka kuma rufe kasuwannin mako-mako saboda matsalar 'yan bindiga, mutanen Shinkafi da Zurmi sun yi makonni ba intanet. Abin da ke cikin memori shi ne abin da mutum ke da shi, kuma Narambaɗa da Kassu suna ciki, da shuu ɗinsu da komai.

Kasusuwan asali kuwa, waɗanda daga gare su za a iya sake yin aikin da kyau, suna cikin akwatuna a gidajen tsofaffin masu rumfa, da ɗakunan ajiyar gidajen rediyon Kaduna da Sakkwato da Gusau, da kuma ƙauyukan da wasunsu mutanensu suka watse suka bar kaya a baya. Tef ba ya son zafi, ba ya son laima, kuma yankin na da duka biyun a lokutansu. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, sun yi gargaɗin cewa injinan kunna tef na gab da ƙarewa, domin an daina ƙera su da kayan gyaransu, suka ambaci wajen 2025 a matsayin lokacin da abin zai yi tsanani. Katin da zai ɗauki kaset da tsabtar da ta wuce abin da kaset ɗin ke ɗauke da shi yana nan da arha, tsoho ko sabo, kuma faifan ajiya na yau zai haɗiye kaset dubu ba tare da an matse ko ɗaya ba. Abin da ya yi wuya yanzu shi ne rikoda mai lafiyayyen kai, da robar da ke juya ta, da mai gyaran rediyon da ya san yadda ake daidaita kan da ɗan sukurun da ke gefensa har kotso ya fito sarai.